Kafin A Sayo Wa Makaranta Kwamfuta

Wannan jawabi ne da aka shirya domin karantawa a azuzuwan manya da tarurrukan iyayen yara da malamai a ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada.

 

Maganar yau a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa ce, wadda yara suka fi sani da suna kwamfuta. Wani zai ce ina ruwan manomi da wannan magana, ai ta 'yan boko ce. To, da ruwansa, muddin yana da ɗa ko 'ya a makarantar gwamnati.

Ga dalili. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a da kwalejin ilimi da kwalejin fasaha, an kafa ta ne a shekarar 1978. Shekara da shekaru da fensir da takarda ake rubuta jarrabawarta. A 2013 ta fara gwada yin ta a kan kwamfuta ga wanda yake so. Da aka shiga 2015 sai ta rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Tun daga lokacin, yaron Rimaye ko Tafashiya ko Kafin Soli, da yarinyar Yashe ko Mawashi ko Kaikai, duk mai son wuce sakandare ta wannan hanya sai ya zauna gaban na'ura, ko ya taɓa ganinta ko bai taɓa ba.

Tambayoyin jarrabawar 180 ne, lokacin kuwa awa 2. In aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40, watau ba ta kai minti ɗaya ba. Yaron da ya zauna hannunsa na rawa, ya ɓata minti 10 yana neman inda zai danna, ya yi asarar lokacin tambaya 15. Ba rashin karatu ne ya jawo masa ba. Baƙunta ce kawai tsakaninsa da na'urar.

Abin kuwa ba wuya gare shi ba. Tun 2017 hukumar ta sauƙaƙa shi. Maɓalli A da B da C da D na zaɓen amsa ne. N yana kai mutum tambaya ta gaba. P yana mayar da shi ta baya. S kuwa na miƙa aiki ne in an gama, shi ya sa ake jan kunnen yara kada su yi garajen taɓa shi. Yini guda ya isa a koyi wannan. Amma sai in akwai na'urar da za a koya a kanta, kuma tana kunne.

Ba JAMB kaɗai ba ce. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara jarrabawa a kan kwamfuta ga masu zana ta da kansu, ba ta hannun makaranta ba. A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnati tana son jarrabawar WAEC da ta NECO su koma kan kwamfuta daga 2026. A cikin shekarar ta 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta, saboda makarantun karkara ba su da na'urori, ba su da wuta, ba su da malaman abin. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, an ga inda aka dosa.

Sai dai kada a ɗauka na'ura ita ce karatun. A sakamakon farko na jarrabawar JAMB ta 2025, cikin yara kusan miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1 da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Da yawansu 'yan birni ne, da waya a hannunsu suka tashi. Kwamfuta ba ta san amsa a madadin yaro. Ita ma kanta tana kuskure. A wannan shekarar an samu tangarɗa a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, aka sake wa yara kusan 380,000 jarrabawa.

To, tun da abin ya zama dole, tambayar ita ce yaya za a saye ta, kuma yaya za a more ta. A nan ne aka sha yin tuntuɓe, ba a nan ƙasar kaɗai ba.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da tsarin koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina. An fara da wasu kwalejojin Gwamnatin Tarayya. Waɗanda suke sakandare a lokacin, yanzu wasunsu sun yi jikoki, amma har yau akwai makarantun da ake zana hoton kwamfuta a allo da alli, ana cewa yara su haddace sunayen sassanta.

A 2005 wani masani a Amurka mai suna Nicholas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta tasa ta kansa, a kan dala 100. Duniya ta ɗauka. A 2007 aka gwada shirin a wata makarantar firamare da ke Galadima, kusa da Abuja, ba Galadima ta cikin garin Kankiya ba. An yi ta ɗaukar hotunan yara riƙe da na'urori masu launin kore da fari. Kuɗin na'urar ya ƙi tsayawa a dala 100, ya doshi 200. Maganar da aka yi ta yi cewa Nijeriya za ta sayi guda miliyan 1 ta shiririce.

Ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, ita ta saya da gaske, dubu ɗari-ɗari, ta raba har ƙauyukan kan duwatsu. A 2012 aka fitar da binciken da aka yi a makarantu 319 na karkarar ƙasar. An tarar yaran sun iya sarrafa na'urar. Amma a lissafi da karatu, ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Me ya sa? Malamansu ba su samu horo isasshe ba, makarantu da yawa ba intanet, kuma ba a haɗa na'urar da darasin da ake yi a aji ba. Kenya ma ta yi irin wannan. A 2013 aka yi alkawarin ba kowane ɗan aji ɗaya tasa, aka soma rabawa a 2016, bayan 'yan shekaru gwamnati ta juya ta koma maganar gina ɗakin kwamfuta guda a kowace makaranta. Wadda ta ɗore ita ce Yurugwai, wata ƙaramar ƙasa da ta fara a 2007. Ita ba rabawa kawai ta yi ba. Ta kafa hukuma ta musamman mai gyara, mai ja wa makarantu intanet, mai horar da malamai, shekara bayan shekara.

Mutumin karkara ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Ya san sayen doki daban, riƙonsa daban. Ranar saye rana ɗaya ce, amma harawa da dusa da kanwa kullum ne. Ya kuma ga tarakta da aka kawo da kiɗa da guɗa, ta yi damina biyu, ta kwanta saboda wani ɗan ƙarfe da ba a samu ba. Ya ga rijiyar burtsatse da aka buɗe da almakashi, yau awaki ne suke kwana a gindinta.

Harawar kwamfuta ita ce wutar lantarki, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa ana shawara. Kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a Katsina da Kano da Jigawa tun 2013, amma makarantun ƙauye da yawa ko waya ba a ja musu ba. Inda aka ja kuwa, ba lallai wutar ta zo a lokacin makaranta ba, daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 2 na rana. Wutar da ta zo da tsakar dare ba ta amfani ɗalibi da komai ba. Jama'a ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Janareta kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama sai mai hali. Shugaban makarantar da alli ma sai ya yi dabara, ina zai samo kuɗin mai kullum?

Saboda haka mafita ga makarantar karkara ita ce hasken rana, watau sola. Rana kuwa Allah Ya hore ta a wannan yanki. Amma a nan ma akwai lissafi. Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake ninkewa kamar littafi, tana cin wuta kimanin wat 60. Ta girke, mai akwati da gilashi daban, musamman tsohuwa, tana iya cin wat 150 zuwa 200. A ɗauka makaranta za ta sayi guda 20. In na ninkewa ne, wat 1,200 ke nan. In na girke ne, abin zai kai wat 3,000 zuwa 4,000. Watau farantan sola da batura da inbata da za a saya sun ninka wajen sau uku. Bugu da ƙari, ta ninkewa tana da batirinta a ciki, ko wuta ta ɗauke ba ta mutuwa nan take. Aibinta shi ne sauƙin ɗauka, ɓarawo zai iya sa ta cikin riga. Ta girke kuwa ta fi jure wahalar yara, ta fi sauƙin gyara. Kowace da nata. Abin da ba shi da kyau shi ne a sayo na'urorin tukuna, sannan a zauna ana tunanin wuta.

A kuma sani batirin sola ba ya dawwama. Irin mai ruwa yakan yi shekara 2 zuwa 4, gwargwadon kulawa, kuma yana son a riƙa duba ruwansa. Ranar da aka kafa shi, ranar ya kamata a fara tanadin kuɗin wanda zai gaje shi. Farantan kuma suna son a riƙa goge su, domin ƙurar hunturu in ta rufe su sai ƙarfinsu ya ragu. Wannan aiki ne da ɗalibai biyu za su iya yi duk mako.

Ƙurar nan ita ce babbar abokiyar gabar na'urar kanta. Tana shiga ta kafofin iska, ta toshe 'yar fankar da ke ciki, na'ura ta yi zafi ta mutu. Zafin bazara ma haka. Ɗakin da za a ajiye su yana son silin, da tagogi masu rufuwa, da ƙarafa a taga, da ƙofar ƙarfe, da rufin da ba ya yoyo. Ƙyallen rufe kowace na'ura kuwa, telan gari zai ɗinka.

Sai malami. Na'ura 20 ba malami, kayan ado ne. Ba dole sai mai babban digiri ba. Abin da ake bukata shi ne malamin da ya iya da hannunsa, ba a takarda kawai ba, kuma ya zamana an horar da aƙalla biyu. Dalili kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ake turawa kwas, bayan wata shida a yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da iliminsa, wani lokaci har da kalmar sirrin buɗe na'urorin. In da hali, a sa malama mace cikin waɗanda za a horar, domin 'yan mata sun fi sakin jiki su yi tambaya a wurinta.

Akwai wata cuta kuma da ta fi ƙura ɓarna, ita ce tsoro. Ana kawo kaya, a ce wa shugaban makaranta ya sa hannu, duk abin da ya lalace a wuyansa. Shi kuwa bawan Allah sai ya kulle ɗakin, ya jefa mabuɗi a aljihu. Ba a buɗewa sai ranar da baƙi za su zo daga Katsina. A share, a jera yara masu tsabtar kaya, a ɗauki hoto, a mayar da kwaɗo. Ba a ga laifinsa sosai ba, domin ba wanda yake son a yanke masa albashi. Amma kwamfutar da aka ajiye ba ta tsira ba. Batirinta yana mutuwa a kwance, ɓera yana cin wayoyinta, zamani kuma yana wuce ta. Gara ta lalace a hannun yara bayan shekara 4 da ta ruɓe a cikin kwali. Ya kamata hukuma da iyaye su faɗa wa shugabannin makarantu wannan a fili, su kuma bambance musu tsakanin lalacewar aiki da sakaci.

Wani zai ce na'ura 20 me za ta yi wa yara ɗaruruwa? A yi lissafi. A ɗauka makaranta tana da ɗalibai 600. In yara biyu suka zauna a kan kowace na'ura, 40 ke nan a zama ɗaya. Rukuni 15 ya ɗauke makarantar duka. In kowane rukuni ya shiga sau 2 a mako, darasi 30 ke nan, kuma mako guda na makaranta yana ɗaukar wannan. Ashe ba yawan na'ura ne matsalar ba, jadawali ne. A rubuta shi, a manna a ƙofar ɗakin, inda kowane uba zai iya karantawa.

Ba kuma sai da intanet ba. Koyon buga rubutu, da gwajin tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da littattafai, duk ana iya zuba su cikin na'ura a yi aiki da su ba tare da sayen data ba. Har baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ana iya saita na'ura ta rubuta su. Inda aka ja intanet kuwa, sai an sa ido, domin kamar kasuwa take, akwai na kirki akwai na banza.

Yanzu sai maganar saye. Kayan makaranta suna zuwa ta hanyoyi da dama. Akwai na gwamnatin jiha. Akwai na hukumar UBEC ta tarayya, da takwararta ta jiha, SUBEB, masu kula da firamare da ƙaramar sakandare. Akwai asusun USPF na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wanda ya sha kafa ɗakunan kwamfuta a makarantu. Akwai shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 a kan dala miliyan 500, Katsina tana cikin jihohi 7 na farko, kuma koyar da kwamfuta yana cikin ayyukansa. Wannan kuɗi rance ne, ba kyauta ba, 'ya'ya da jikoki ne za su biya. Akwai kuma na 'yan majalisa, da na ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na masu hali 'yan asalin gari.

Ko ta wace hanya kaya suka zo, akwai kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akwai wakilin sarauta, da malaman addini, da iyaye maza da mata, da masu sana'a, da wakilan ɗalibai. Wannan kwamiti yana da haƙƙin ya tsaya ranar da aka sauke kaya. A buɗe kowane kwali a gaban jama'a. A ƙirga. A kunna kowace na'ura a ga ta kawo. Kowace tana da lambarta a ƙasa ko a baya, a rubuta lambobin a littafi biyu, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a hannun shugaban kwamiti. A tambayi ɗan kwangila takardar garanti, da tsawon lokacinta, da wanda za a kira in abu ya lalace. Tambaya ba rashin godiya ba ce. Mai kyautar da ya yi don Allah zai ji daɗi a ce an kula da abin da ya bayar.

In kuwa makaranta ce za ta saya da kuɗinta ko na gudummawa, a yi hattara da gwanjo. A titin Beirut a Kano ana samun sababbi, ana samun na hannu waɗanda aka yi amfani da su a Turai. Na hannu ba haramun ba ne, wata ma ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Amma a tafi da wanda ya sani, ba wanda ya ce ya sani ba. A gwada batiri a cire caja a ga minti nawa zai yi. A danna kowane maɓalli. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Yawancin kwamfutoci suna aiki ne da wata manhaja mai suna Windows. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan ne ofisoshin Turai suke fitarwa, su kuma suke sauka a kasuwannin nan da araha. Za su yi aikin koyon rubutu da gwajin jarrabawa, amma kada a biya musu kuɗin na zamani. Kuma kada a kashe kuɗin duka a saye. In kuɗin na'ura 25 ne a hannu, gara a sayi 20, sauran a ajiye domin caja da batiri da kuɗin mai gyara.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda, wadda ta hau a 2023, ta ɗauki aikin gina makarantun sakandare na musamman masu kayan zamani a Radda da Jikamshi da Dumurkul. Radda ba ta da nisa da Kankiya, kuma abin a yaba ne. Amma yaran da irin waɗannan makarantu za su ɗauka kaɗan ne. Mafi yawan 'ya'yan talakawa suna nan a makarantun jeka-ka-dawo na ƙauyuka, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna da waɗancan.

Ba kowace makaranta ce kwamfuta ta zama farkon bukatarta ba. Firamaren da iska ta yaye wa rufi, yara suna zaune a ƙasa, ɗan aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, wannan rufi take so, da benci, da littafi, da malami mai zuwa aiki. Yaron da bai iya karanta allo ba, ba zai karanta gilashi ba. Amma babbar sakandare, musamman aji biyu da aji uku, hukuncinta daban ne. A can rashin na'ura zalunci ne ga yaro, domin an san abin da ke jiransa. In na'urori kaɗan ne a yanki, su ya kamata a fara ba, sauran makarantun kusa su riƙa kawo ɗalibansu ranar Asabar.

A sabon tsarin karatu da Gwamnatin Tarayya ta bayyana a 2025, cikin sana'o'i 6 da ɗalibi zai zaɓa akwai gyaran kwamfuta da wayar hannu, akwai kuma haɗa sola da kula da ita. Wannan ya dace da karkara ƙwarai. Makarantar da ta koya wa yaranta waɗannan biyu, ta samu masu gyaran kayanta a cikin gida, ba sai an ɗauki na'ura a mota zuwa Katsina ko Kano saboda 'yar waya ta tsinke ba.

Sai a kula da 'yan mata. In aka buɗe ɗakin aka ce kowa ya shiga, samari ne za su rigaye su kama kujeru, 'yan mata su tsaya a baya suna leƙe. In aka mayar da darasin yamma kuwa, yarinya tana gida tana aiki ko tana talla. A ware musu lokacinsu a cikin sa'o'in makaranta. Yarinyar da take son shiga makarantar koyon aikin lafiya, irin wadda take nan cikin garin Kankiya, ita ma za ta tarar da na'ura a gabanta, daga cike takardar neman shiga har zuwa aikin asibiti.

Ga iyayen da 'ya'yansu suke ajin ƙarshe, rajistar JAMB takan faɗo ne a farkon shekara, jarrabawar kuma wajen watan Afrilu. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, don haka a nema wa yaro ita da wuri, a kuma duba sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na takardun makaranta. Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so tun wurin rajista. Yaron da makarantarsa ba ta da na'ura, a daure a biya masa wannan gwajin, ko a kai shi shagon kwamfuta na cikin gari ya yi ko da kwana uku yana dannawa da hannunsa.